Wayarki Ɗakinki Ce, Ki Riƙe Makullinta

    

Hirarmu ta yau a kan abin nan ce da ke ajiye a gefen filonki, ko kuma yanzu haka yana hannun ɗan autanki yana ta danne-danne, wato wayar hannu, musamman babbar nan da ake shafawa. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a shekarar 2001, zaman mace a cikin gida ya sauya. Kina ɗakinki za ki gaishe da mahaifiyarki da ke wani gari, ki saurari karatun malamai, ki tallata turaren wutarki ko atamfofinki, a biya ki ta banki ba tare da kin taka ko zaure ba. Wannan alheri ne, mun gode wa Allah. To amma mu duba wani abu. A gidajenmu, baƙo namiji iyakarsa zaure. Sai ya yi sallama, a aika yaro ya gano ko wane ne, sannan a san abin da za a ce masa. Ita kuwa waya, yadda ake sayo ta daga kasuwa, ba zaure gare ta ba labule. Duk wanda ya sami lambarki ya iso har tsakar ɗaki. Ke ce za ki gina mata zauren, ki rataya mata labulen, kuma duk kayan aikin suna cikinta, sanin wurinsu ne kawai ya rage.

Saboda haka ki ɗauko wayar, ki ɗauko takarda da biro, ko ki kira 'yarki 'yar makaranta ta zauna kusa da ke. Yawancin abin da zan faɗa yana wurin da ake kira saiti. Alamarsa wani ɗan zagaye ne mai haƙora-haƙora, kamar ƙarfen cikin injin markaɗe. Sunayen da ke ciki da Turanci suke, don haka zan riƙa faɗinsu yadda aka rubuta su. Kuma ki sani Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi kowacce da yadda ta jera kayanta, kamar dai yadda jeren ɗakin wance ya bambanta da na wance. In ba ki ga abu a inda na ce ba, ki duba saman saitin, akwai wata alama mai kama da ludayi. Ki taɓa ta, ki rubuta sunan abin, wayar da kanta za ta kai ki.

Makulli na farko shi ne na fuskar waya. Mata da yawa sun sa shi, sai dai irin sawar da ba ta hana komai. Wata lambarta 1234, wata sifili huɗu, wata shekarar haihuwarta, wata kuma zane ne na harafin farko na sunanta. Waɗannan su ɓarawo ke fara gwadawa. Ki zaɓi lamba shida wadda ba ta da alaƙa da lambar wayarki ko ranar haihuwar yaranki. Sannan ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ko waya tana kulle, in saƙo ya shigo yakan fito a fuskarta, kowa ya karanta, har da alat na banki da lambobin sirrin da ake turowa. Ki shiga saiti, ki nemi Notifications, ki duba sashen Lock screen, ki zaɓi a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa. Daga nan za a ga dai saƙo ya shigo, amma sai an buɗe makulli za a san me ya ce. Kuma don Allah a fahimce ni, ba ina koya wa kowa ɓoye-ɓoye tsakaninta da maigidanta ba ne. Wannan tsakaninku ne, ku kuka san yadda kuka tsara zamanku. Maganata a kan ranar da wayar za ta faɗa hannun wanda ba ku sani ba ne.

Makulli na biyu shi ne wanda na fi so ki riƙe a yau, domin kaɗan ne suka san da shi: makullin sim. 'Yar uwa, masu satar waya na yanzu sau da yawa layin suke nema fiye da wayar. Kin kulle fuskar waya, to, sai ya zare sim ɗin ya sa a wata ƙaramar waya. In da wannan layin kika buɗe asusun banki, danna *565*0# kawai zai yi lambar BVN ɗinki mai lamba 11 ta fito masa, kuma duk lambar sirrin da banki zai turo hannunsa za ta shiga. Da haka ake kwashe kuɗin adashin mutane da jarin sana'a cikin dare ɗaya. Maganinsa, ki shiga saiti, ki nemi Security, ki nemi SIM card lock, ki kunna. Daga ranar, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka sa layin a wata waya, sai an sa lambar sirri kafin ya yi aiki.

Amma ki saurara da kyau a nan, kada gyaran gira ya jawo tsiyayar ido. Kowane sim yana zuwa da lambarsa ta asali daga kamfani, ita za a fara tambayarki kafin ki sauya zuwa taki. Kada ki yi ta canka. In aka yi kuskure sau uku layin zai rufe, sai an sa wata lamba mai guda 8 da ake kira PUK, wadda ke rubuce a jikin faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. In ita ma aka yi kuskurenta sau goma, sim ɗin ya mutu ke nan, sai an je ofis. Don haka ki fara kiran 300, lambar kula da masu hulɗa ta kowane layi a Najeriya, ki tambayi lambar asali ta layinki. Shi kuma wancan katin, in yana nan, ki adana shi inda kike adana sarƙarki.

Na uku, WhatsApp. Bari in ba ku labarin abin da ya faru a danginmu. Wata gwaggona tana cikin guruf na matan Islamiyyarsu. Ranar nan da hantsi wani ya kira ta, ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci sunanta, ya ambaci sunan guruf ɗin, ya ce za a yi taron mambobi ta waya da daddare, an turo mata lambar shiga, ta karanto masa ya sa sunanta. Ta duba, ga saƙo kuwa da lamba shida. Baiwar Allah ta karanta masa. Kafin azahar WhatsApp ɗinta ya bar wayarta, kafin la'asar an bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da sunanta da hotonta, wai tana asibiti a taimaka mata da rance. Mutum biyu sun tura. Kuɗin bai dame ta kamar kunyar ba, ta yi kwanaki tana kiran mutane tana ba da haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba.

Abin da ya faru shi ne, mutumin ya sa lambar wayarta a tasa wayar, kamfanin WhatsApp ya turo lambar tabbatarwa zuwa layinta, ita kuma ta miƙa masa da bakinta. To ki riƙe wannan: duk lambar da ta shigo wayarki ta saƙo, ba a karanta wa kowa ita. Ko ya ce daga banki yake, ko daga kamfanin layi, ko daga masu rabon tallafi, ko ya kira sunan kakanki. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Sannan ki ƙara wa ƙofar sakata: ki buɗe WhatsApp, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification. Za ki zaɓi lamba shida taki ta kanki. Ko wani ya yaudare ki ya karɓi ta saƙo, sai ya zo ya ci karo da wannan. In kuwa har an riga an ƙwace, kada ki tsaya kuka. Ki sake shigar da lambar wayarki a WhatsApp, za a turo miki sabuwar lamba, kina sa ta za a fitar da shi. In ya riga ya sa tasa sakatar, za ki jira kwana 7, amma shi dai an kore shi. Kafin nan ki sa a sanar da 'yan uwa kada kowa ya tura ko sisi.

Har ila yau a ƙarƙashin ɗigo ukun nan akwai Linked devices. Ana iya haɗa WhatsApp ɗin mutum da wasu na'urori har guda huɗu, kuma minti ɗaya ya isa a yi haka in wayar ta shiga hannun wanda ya san lambar buɗe ta. Wanda ya haɗa zai riƙa karanta hirarki daga inda yake, ke ba ki sani ba. Ki leƙa wurin lokaci-lokaci. In kin ga wata na'ura da ba ki san da ita ba, ki taɓa ta ki danna Log out.

Yanzu sai labule. Mace ta yi kwalliyarta a ɗakinta, ba mayafi, ta ɗauki hoto ta sa a fuskar WhatsApp, a zatonta 'yan uwa da ƙawaye ne ke gani. Alhali in ba ta gyara saiti ba, duk wanda ya mallaki lambarta yana gani, har mai kawo gawayi da mai gyaran famfo da wanda ya tsinci lambar a guruf. Ki shiga Settings na WhatsApp, ki shiga Privacy. Za ki ga Profile photo, ki mayar da shi My contacts, wato sai waɗanda kika adana lambarsu. Akwai ma zaɓin da ke ƙasansa, wanda zai ba ki dama ki ware wasu daga cikinsu. Haka za ki yi wa Last seen da Status. A nan dai za ki ga Groups. Shi ne maganin masu jefa mutum cikin guruf ba sallama, ki wayi gari cikin baƙin maza ɗari biyu kowa na ganin lambarki. Ki mayar da shi My contacts shi ma. Sai kuma Calls, inda tun 2023 aka sa wani maɓalli mai suna Silence unknown callers. In kin kunna shi, baƙuwar lamba in ta kira ki ta WhatsApp wayar ba za ta yi ƙara ba, za ki dai ga alamar kiran daga baya, ki yanke shawara da kanki. In kina sana'a kuma masu saye baƙi suna kiranki, sai ki auna, wataƙila ki ware wa sana'ar layinta daban.

Game da tura hoto, akwai wata 'yar alama mai lamba 1 a cikin zagaye da ke fitowa gefen wurin rubutu lokacin da za ki tura. In kin taɓa ta, hoton sau ɗaya zai buɗu ya ɓace. Yana da amfani, amma kada ki sakankance, domin ana iya ɗaukar fuskar wayar da wata wayar. Hoton da ba za ki so a gani a zaure ba, kada ya bar wayarki, kai, gara ma kada a ɗauke shi. In kuma kika yi kuskuren tura saƙo inda bai dace ba, kamar ki tura wa surukarki abin da kika yi niyyar tura wa ƙawarki, ki danne saƙon, ki taɓa alamar kwandon shara, ki zaɓi Delete for everyone. Kina da wajen kwana biyu kafin wannan dama ta wuce, sai dai in an riga an karanta, to sai haƙuri.

To, mu zo kan abin da ya fi shafarmu mu matan cikin gida. Wayarmu ta fi mu yawo. Ba wuta, a ba yaro ya kai caji bakin titi. Ta lalace, a ba ƙanin miji ko ɗan aike ya kai kasuwa. Hannu nawa take bi kafin ta dawo? In za a kai caji, ki kashe ta gaba ɗaya tukuna. Kin ga in kin sa makullin fuska da na sim, ko an kunna ta ba abin da za a iya yi da ita. In gyara za a kai, ki zare sim da mimori ki ajiye a gida. In mai gyara ya aiko a ba shi lambar buɗewa, ki tambaya me zai yi da ita, domin canjin gilashi ko batir ko wurin caji yawanci ba ya bukatar shiga cikin hotunanki, ana iya gwadawa a gaban wanda kika aika. Masu Samsung na 'yan shekarun nan, akwai Maintenance mode a cikin saiti, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har sai ke kin buɗe da kanki. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne masu neman halal, amma ba ki san hannun da za ta faɗa ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ki kuma yi wannan tun wayar tana hannunki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki danna *#06# kamar za ki yi kira. Wata lamba mai guda 15 za ta fito, sunanta IMEI, ita ce shaidar wayarki da babu wata waya mai irinta. Ki rubuta ta a takarda, za a bukace ta in an je wajen 'yan sanda. Sannan in tambaye ki, adireshin Gmail da ke kan wayarki, wa ya buɗe miki? Da yawanmu a shagon da aka sayo wayar aka buɗe, ko wani yaro ya buɗe, ba mu san sunan ba balle kalmar sirrinsa. Alhali shi ne uwar ɗakin wayar gaba ɗaya. Da shi ake neman waya in ta ɓata, a sa ta yi ƙara, a kulle ta ko a goge ta daga nesa, ta hanyar tsarin Google da aka sani da Find My Device, wanda aka sauya wa suna zuwa Find Hub a 2025. Kuma in kina adana lambobin mutane a cikinsa maimakon kan sim, ko wayar ta faɗa rijiya lambobinki suna nan. Ki nemi sunan da kalmar sirrin, ki sauya ta zuwa wadda ke kika zaɓa, ki rubuta ki adana. Ranar da waya ta ɓata kuwa, Allah ya kiyaye, banki za a fara sanarwa su rufe asusu, sannan kamfanin layi su rufe sim, daga baya a je da lambar NIN a dawo da layin.

Sai 'yan albarka, yara. Kina tuƙin tuwo, yaro na kuka, kin miƙa masa waya ya kalli katun. Kafin ki sauke tukunya ya goge hotunan suna, ya kira mutum biyar, ya tura wa malaminku hoton ƙafarsa. Akwai maganin wannan, sunansa App pinning, wasu wayoyin kuma Screen pinning, yana cikin Security. In kin kunna shi, sai ki buɗe abin da kike so yaron ya kalla, ki taɓa maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe, ki taɓa alamar manhajar a sama, ki zaɓi Pin. Shi ke nan an kafe shi a nan, ba zai iya fita zuwa wani wuri ba. Ki tabbata kin kunna zaɓin da ke cewa a tambayi lambar sirri kafin a cire. Haka za ki yi in maƙwabciya ta aiko a ara mata waya ta yi kira. Ki kuma shiga Chats a saitin WhatsApp ki kashe Media visibility, don kada duk tarkacen da ake turowa a guruf ya riƙa zubowa cikin ma'ajiyar hotunanki inda yara ke buɗewa. Ba duk abin da ake turowa ne ya dace da idon yaro ba.

Mu taɓo aljihu. Sau nawa kika ce an sa miki data jiya, yau ta ƙare, ke kuwa ba ki kalli komai ba? Ga inda take zurarewa. Na ɗaya, WhatsApp yana sauke hotunan guruf da kansa ko ba ki buɗe ba. Ki shiga Settings, sai Storage and data, ki taɓa When using mobile data, ki cire alamar da ke kan hoto da bidiyo da sauransu duka. Daga nan sai abin da kika taɓa da hannunki zai sauka, ban da saƙon murya, shi kam yana sauka da kansa. A wurin dai akwai Use less data for calls, ki kunna. Na biyu, ki buɗe Play Store, ki shiga saitinsa, ki hana manhajoji sabunta kansu da datarki, amma ki riƙa sabunta WhatsApp da manhajar banki da kanki lokaci-lokaci, don gyaran tsaro ta nan yake zuwa. Na uku, a babban saitin waya ki nemi Data saver ki kunna, zai hana manhajojin da ba ki buɗe ba shan data a ɓoye. A Facebook kuma ki kashe Autoplay, wato bidiyon da ke tashi da kansa kina wucewa.

Katin waya ma haka. Wata za ta sa kati, kafin ta kira kowa an zaftare wani abu, ashe an yi mata rajistar waƙar kira ko saƙon labarai ba ta sani ba, wataƙila yaro ne ya danna. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta haɗe lambobin kamfanonin layi suka zama iri ɗaya, ko MTN kike ko Airtel ko Glo. Ki rubuta: *310# duba kuɗi, *323# duba data, *312# sayen data, *305# kuma duba irin waɗancan rajistocin da soke su. In saƙonnin talla sun dame ki, ki rubuta STOP ki tura zuwa 2442, kyauta ne. In kin kai kuka ga kamfani ba su share miki hawaye ba, 622 ita ce lambar kai ƙara ga hukumar, ita ma kyauta. 'Yan uwanmu da ke saurare daga Nijar da Kamaru da Ghana da Chadi, waɗannan lambobi na Najeriya ne, ku tambayi kamfanoninku nasu, amma duk sauran bayanin saiti ɗaya ne a ko'ina.

Wani gargaɗi kuma a kan manhajojin ba da rance. Kina sauke irinsu za su nemi izinin ganin lambobin mutanenki da hotunanki. Wadda ta danna amincewa, ranar da ta makara da biya sai a bi surukanta da maƙwabtanta da saƙon cin mutunci. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, amma wadda aka turo miki ta Xender ko ta wani adireshi a guruf, ba ruwanta da wannan doka. Ban da ma maganar ruwan da suke ɗorawa, wanda kun san hukuncinsa a addini. Ki shiga saiti ki nemi Permission manager, za ki ga jerin manhajojin da ke da izinin kyamara da makirfo da lambobi da sanin inda kike. Ki tambayi kanki, me tocila za ta yi da lambobin mutanena? Ki cire izinin. A sababbin wayoyi, in kin ga ɗan koren ɗigo a saman fuskar waya, alama ce kyamara ko makirfo na aiki a lokacin.

Ban manta da iyayenmu da ido ya fara rauni ba, da 'yan uwan da ba su yi boko mai zurfi ba. A cikin Display akwai Font size, a ja shi rubutu ya yi manya-manya. Shi WhatsApp ana iya mayar da shi Hausa, a duba App language a cikin saitinsa. In saƙon murya ya shigo kina cikin mutane, ki kunna shi ki kara wayar a kunne kamar mai amsa kira, muryar za ta koma ke kaɗai ke ji. In kuma mai saƙon irin masu dogon zance ce, ki taɓa alamar da ke gefen saƙon yayin da yake tafiya, zai ƙara sauri. Da dare kuwa akwai Do not disturb, mai hana waya ƙara, kuma za ki iya ware lambar maigida da ta mahaifiya su shigo ko yana kunne. Shi batir ba abin da ya tsana kamar zafi, don haka kada a yi caji a ƙarƙashin filo ko a bar waya a taga cikin rana. In kin ga bayanta ya kumbura, ki daina amfani da ita, ki nisanta ta da yara har a canja batirin.

Na ƙarshe, wanda nake roƙon Allah kada ya sa mu bukace shi. Dare ya yi, maigida ya yi tafiya, naƙuda ta taso ko yaro ya shiɗe. A cikin saiti akwai Safety and emergency. A nan za ki sa lambobin mutum biyu ko uku na kusa, waɗanda ko waya tana kulle wanda ya zo taimako zai iya kiransu daga fuskarta. A yawancin sababbin wayoyi kuma, in an kunna Emergency SOS, danna maɓallin kunna waya sau biyar da sauri zai kira lambar gaggawa. Ta Najeriya ita ce 112, ba ta cin kati. Ki nuna wa babban ɗanki ko 'yarki yadda ake yi, ki kuma gargaɗe su ba abin wasa ba ne.

'Yan uwana, na san na jero abubuwa da yawa, kada kai ya ɗau zafi. Ba a rana ɗaya ake jeren ɗaki ba. Aikin gidan da zan ba ku na wannan mako guda uku ne kacal: makullin sim, sakatar WhatsApp mai lamba shida, da gyaran wanda ke ganin hotonki. In kin gama naki, ki taimaka wa abokiyar zamanki da surukarki da maƙwabciyarki, domin in aka ƙwace WhatsApp ɗin ɗaya daga cikinku, da sunanta za a zo a yaudari sauran. Wadda ta gwada ta maƙale a wani wuri, ta aiko mana da tambayarta, za mu amsa a shiri na gaba, matambayi ba ya ɓata.

A nan za mu dasa aya. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare mana mutuncinmu da dukiyarmu, ya shirya mana zuriya, ya bar mu da mazajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah, ku huta lafiya.